Faifan da Kawu Babba Ya Bari a Legas

Ranar da muka kai Kawu Babba makwancinsa, falon gidansa na unguwar Al-Oud a Riyad ya kasa ɗaukar jama'a, sai da aka shimfiɗa darduma har kan matakala. Direbobin unguwar Batha sun jera motoci sun toshe layin, babu maƙwabcin da ya ce musu uffan. Wani dattijo mutumin Maraɗi, mai gadi a wani wurin ajiyar siminti, ya zauna a bakin ƙofa, ya ƙi shayi ya ƙi dabino, yana ta faɗa wa duk wanda ya shigo cewa shekara da shekaru ta hannun wannan bawan Allah matarsa take jin muryarsa. Limamin masallacin layinmu, wani Balarabe, ya riƙe hannuna ya ce, “Azzamallahu ajrakum,” sannan ya ƙara da cewa tun da Kawu ya kwanta ciwo lasifikarsu take ƙara kamar an taka mage. Saura kaɗan in yi dariya a gidan makoki. Na san Kawu, da ya ji wannan ta'aziyyar da ta fi masa sauran daɗi.

Ni ɗan ƙanwarsa ne. Shi ya nemo mini biza, shi ya kai ni wurin kafili, ubangidan da zai tsaya mini, a gidansa na ci na sha har iƙamata, takardar izinin zama, ta fito na kama tuƙi. Abin da ya sa na zauna rubutu, ni da ko saƙon waya nake wa ƙyuya, shi ne kaburburan garin nan ba a rubuta musu suna, duwatsu ne kawai ake dasawa. Kawu kuma bai yarda da hoto ba, in ba na iƙama ba. Idan mu da muka san shi muka yi shiru, shi ke nan an rufe shi gaba ɗaya.

Washegari bayan la'asar, ana tsakiyar zaman makoki, sai amininsa ya iso, wani tela mutumin Damagaram mai shago a unguwar Dira. Mutum ne mai zuciya ɗaya, abin da ke cikinsa shi ke bakinsa. Ya yi gaisuwa, ya yi addu'a, ya share hawaye da hannun riga, sannan ya zaro waya yana murmushi.

Ya ce, “Jama'a, ku ga abin alfahari. Ɗana da ke Faransa ya aiko mini. Ya ce Turawa har yau suna neman faifan nan ruwa a jallo, an ma sake buga shi sabo. Ku duba na biyun nan daga gefe.”

Hoton bangon faifai ne irin na garmaho. Samari biyar sun jingina da wata tsohuwar mota, kowa da gashi kamar an kifa masa kwando, wando mai faɗin ƙafa, riguna a buɗe har cibiya. Biyu daga cikinsu suna rataye da jita. Ɗaya a cikin masu jitar yana dariya, wushiryarsa a fili, wushiryar da duk wanda ke falon ya sani.

Wayar ta fara zagayawa. Kowa ya karɓa sai ya duba, ya miƙa wa na kusa da shi, ya koma ƙidaya zanen darduma. Da ta isa hannun Kawu Ƙarami, ƙanen mamacin, wanda ke koyar da yaranmu Alƙur'ani da yamma, ko gilashinsa bai gyara ba.

Ya ce, “Wannan ba yayana ba ne. Kama ce. Mayar da wayarka aljihu, Alhaji.”

Falon ya amsa kusan da baki ɗaya, “Haka ne, kama ce. Allah mai iko.” Ni ma na gyaɗa kai tare da su, alhali kunnuwana suna zafi. Tela ya tsaya da waya a hannu, ya dubi wannan ya dubi wancan, sai ya gane abin da ya aikata. Ya bar shayinsa bai sha ba, ya yi sallama ƙasa-ƙasa, don kunya har takalmin wani ya zura ya tafi da shi.

Kada wani ya ɗauka mugunta ce. Haka muka tashi muka gani, mamaci asiri ake rufa masa. Kawu Ƙarami kuwa tsoro ne da shi na gaske. Ya yi imani duk kunnen da ya saurari wannan kiɗa a ko'ina cikin duniya, ana rubuta wa yayansa zunubi yana kwance a kabari. Ni ba malami ba ne, ba zan ce haka ne ko ba haka ba. Na dai san ƙaryar da muka yi ta tsaya mini a rai har aka watse.

Wanda ya san Kawu Babba a Riyad, a shago ya san shi. Wani ɗan ƙuƙut ne a lungun Batha, tsakanin ofishin aika kuɗi da mai sayar da akwatuna, cike da lasifikoki da wayoyi da ƙaurin dalma. Aikinsa gyaran na'urar masallatai. In an kira shi, sai ya tsaya a sahun ƙarshe ya tafa hannu sau ɗaya, ya karkatar da kai yana sauraron yadda ɗakin ke amsawa, sannan ya taɓa inji. Limaman nan suna son amsa-kuwwa a murya, abin da suke kira sada, shi kuma yana ba su daidai gwargwado. Wanda ya nace a ƙara masa, sai Kawu ya murza maɓallin da ba a jona da komai ba, ya ce, “Tamam, ya shaikh?” Liman ya gwada, ya ce yanzu ne ta yi.

Yana da wata magana da muka gada. In ka shigo ka yi gaisuwa a tsaye a gurguje, sai ya ɗaga yatsa ya ce, “A sake ɗauka.” Dole ka fita ka sake shigowa. In kana magana da ƙarfi kuma ya ce, “Rage, makirufo ba kurma ba ne,” ko da babu makirufo a wurin. Mun yi ta dariyar waɗannan kalmomi, ba wanda ya tambaye shi inda ya samo su.

Kafin waya ta zo hannun kowa, mutanenmu da ba su iya rubutu ba kaset suke aikawa gida. Nan alherin Kawu ya fi yawa, kuma shi mai gadin Maraɗi yake nufi. Ranar Juma'a bayan an sauko, Kawu zai rufe shago rabi, ya rataya barguna a bango, ya kashe fanka duk zafin Riyad, ya zaunar da mutum, ya auna taƙi ɗaya tsakanin bakinsa da makirufo. Lebura ya fara, “Gaisuwa mai yawa zuwa ga Inna,” muryarsa ta karye. Kawu ba ya rarrashi. Zai tsayar da kaset, ya ba shi ruwa, ya juya masa baya yana gyaran wani abu har kukan ya wuce, sannan ya ce, “Uwarka muryar namiji take son ji. Daga farko.” Tsofaffi da yawa a ƙauyukan Maraɗi da Katsina sun kwanta da daɗin cewa ɗansu na cikin walwala a Saudiyya, ba su san sau nawa aka goge ba.

Faɗa ɗaya na san sun yi da ƙanensa. Wani mutumin Nijar ya dawo daga gida da gurmi, tsirkiya ta saki, ya kawo shago ko za a ɗaure masa. Kawu ya ce shi lasifika yake gyarawa, amma ya karɓa. Ya ja, ya saurara, ya sake ja. Daga nan yatsunsa suka ƙwace masa. Ina tsaye a wurin, na ga mai akwatuna ya bar ciniki ya leƙo. Ana haka Kawu Ƙarami ya yi sallama.

Ya ce, “Yaya, da furfurarka?”

Kawu ya ajiye gurmin a hankali ya ce, “Gyara nake.”

“Na ji gyaran.”

Azumin waccan shekarar kowa a gidansa ya sha ruwa. Sai ranar Sallah Kawu Babba, duk da shi ne babba, ya ɗauki ƙafa ya je ya ba da haƙuri. Abin ya ba ni haushi a lokacin, har yanzu ma yana ba ni.

Asalin abin a Zariya yake. Kakanmu liman ne. Kawu ya koyi gurmi a ɓoye, ya koyi jita wurin 'yan kudu a Sabon Gari, ya bi su Legas yana saurayi, shekarun bayan yaƙin basasa. Can suka yi faifan, irin kiɗan rok ɗin nan mai juya kai kamar maye, wanda samarin lokacin suke haukacewa a kansa. Faifan ya hau arewa, aka kafa bangonsa a wani shagon Sabon Gari, abokan kakanmu suka gani. Kawu ya dawo ya tuba, ya aske kai, ya zo aikin Hajji, daga nan bai sake zama a gida ba. Wannan kowa a dangi ya sani, kuma kowa ya san ba a zancensa.

Sai dai shi Kawu, da tsufa ya kama shi, yana son zancen. Bayan an share makoki mutane suka riƙa tare ni ɗaya-ɗaya, a bakin masallaci ko a tashar bas, kowa ya rage murya ya ce, “Ka san ya taɓa fara ba ni labarin nan?” Ashe kowannenmu yana riƙe da guntu.

Nawa guntun a hanyar garin Kharj na samu, wata safiya da na kai shi gyara. Muna tafe sai ya ce, “Ɗakin ko taga babu. Katifu aka manna a bango, da kwalin ƙwai. In za a ɗauka sai a kashe fanka, don injin yana jin komai, har kukan cikin mutum. Muka tuɓe riguna, gumi na zuba a kan jita. Injin ɗaukar bai da hanyoyi da yawa, saboda haka gaba ɗaya ake bugawa, mai ganga da mai fiyano da mu. In mutum ɗaya ya kuskure a ƙarshen waƙa, kowa ya koma farko. Mai gangarmu har kuka ya yi don takaici.” Yana faɗa yana buga yatsa a gwiwa, fuskarsa ta koma ta yaro. Ni kuwa kunya ta rufe ni, dattijon da nake durƙusa wa yana gaya mini ya tuɓe riga a Legas. Na yi abin da aka koya mana. Na ce, “Kawu, ai ya wuce. Allah Gafurun Rahimu ne.” Ya ce, “Haka ne,” ya juya yana kallon gonakin dabino.

Mai gadin Maraɗi nasa guntun na reza ne. Kawu ya gaya masa cewa jitar ta yi tsafta da yawa, su kuma so suke ta yi gurnani, sai suka sa reza suka tsattsaga takardar lasifika har sautin ya fashe yadda suke so. Ya ce masa, “Duk lasifikar da na liƙe a garin nan kaffarar waccan nake yi.” Mai gadi ya ce daga nan shi ma ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, suka koma zancen farashin gero.

Tela ya fi mu samu, don ya fi mu rashin kunya. Shi aka gaya wa yadda injiniyan ya ja lasifika zuwa matakalar bene, ya rataya makirufo a hawa na sama, don sautin ya yi ta yawo kafin ya iso. Shi aka gaya wa yadda aka juya tef aka kunna shi ta baya, jita ta riƙa shigowa kamar mai jan numfashi. Waƙar ƙarshe, doguwar, a tashi ɗaya suka ɗauke ta, suna dab da gamawa aka ɗauke wuta, tef ya yi sanyi ya mutu a hankali. Suka so su sake, injiniya ya rantse ba mai taɓa ta. Ɗan tela ya ce wannan mutuwar sautin ita Turawa suka fi yabawa. Tela ya ce a nan ladan ya kira salla, shi kuma ya yi hamdala a ransa da aka raba su da zancen.

Haka muka yi masa, mu duka, muna ganin ladabi ne. Dattijo ya buɗe baki zai ba da labarin abu mafi girma da hannunsa ya taɓa yi, sai mu yi maza mu rufe shi da addu'a. Ba wanda ya taɓa bari ya kai ƙarshe.

Kawu ya bar 'ya ɗaya. A nan aka haife ta, tana aiki a wani kantin magani, Larabcinta ya fi Hausarta nesa ba kusa ba. Taubashiyata ce, ina kiranta Balarabiyar gidanmu, ita kuma tana kirana ɗan ƙauye. Wata safiya na kai musu tukunyar gas, ta tare ni a ƙofar kicin, babu wasa a fuskarta.

Ta ce, “Yaya, mata sun ce an nuna hoto a falo, kun ce ba Abuya ba ne.”

Na fara in-ina. Ta ɗaga mini hannu.

“Halas, ya isa, kada ka wahala. Na sani tun ina makaranta. A intanet na gani, na gane haƙoransa. Kullum ina ji a samma'a, iyafis ɗin nan, in ina wanke-wanke, shi yana falo yana lazimi. Wallahi kunya nake ji ya san na sani. Shi ma ina ganin kunya yake ji. Muka zauna haka har ya tafi.”

Ta ciro iyafis daga aljihu, ta riƙe ɗaya a kowane hannu. Ta ce jita biyu ce a faifan, kuma an raba su, ɗaya tana fitowa a kunnen dama, ɗaya a na hagu, daga waƙar farko har ta ƙarshe. Bangon faifan bai faɗi wane ne a ina ba.

“Shekaru ina ji, ban san wanne ne ubana ba. Yamin ko yasar, dama ko hagu? Kai ka yi tafiya da shi da yawa. Ya gaya maka?”

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan safiya ba. Na ce mata ban sani ba. Na je Dira wurin tela, bai sani ba. Mai gadi bai sani ba. Abokan kiɗan nasa ko suna raye ko sun mutu, ba mu da hanyar kowa. Mutum ɗaya ya rage a duniya da ya san hannun Kawu tun daga bayan gidan kakanmu, shi ne wanda ya ce kama ce.

Na ce mata ta haƙura. Ta ce ba za ta haƙura ba. Ranar Juma'a bayan an ci abinci, Kawu Ƙarami yana zaune a falon da aka yi makoki, ta shigo ta durƙusa a gabansa, ta ajiye waya da iyafis a kan darduma. Ni ina gefe ina addu'a ƙasa ta tsage in shige. Ta faɗa masa abin da take so, rabi da Hausa rabi da Larabci.

Ya ce, “Kin san abin da kike ɗora wa mahaifinki duk lokacin da kika kunna wannan?”

Ta ce, “Baffa, ku kun je maƙabarta, ni ban je ba. Ba ni da hotonsa sai na bangon faifan nan. Kai kaɗai ka san shi yana saurayi. Ka nuna mini shi sau ɗaya, in san wanne ne. Daga nan zan goge a gabanka, ba zan sake ji ba har in mutu.”

Ya daɗe yana kallon wayar. Can ya ɗaga hannu sama, ya ce da murya a bayyane, “Ya Allah, wannan jin a rubuta shi a kaina, kada a rubuta wa yayana.” Ya ture hularsa baya, ya kasa saka iyafis ɗin, sai da ta saka masa.

Doguwar ta kunna. Mu ba ma jin komai sai ɗan zuuu da ke tsiyayowa daga kunnensa. Ya rufe ido. Ba a jima ba hawaye suka fara bin gemunsa, bai share ba. Ya kai hannu ya zare na hagu, ya ajiye a gwiwarsa.

Ya ce, “Wannan gudu yake yi, ɗan birni ne. Ubanki ba ya gudu. Tsirkiya ɗaya yake kamawa ya yi ta komawa kanta, hannun mai gurmi ne. Na dama ne.” Sai ya ƙara da cewa, “Malam, mahaifinmu, ni ya ba wa faifan in fasa. Na fasa. Amma sai da na kai shi gidan wani mai garmaho na ji.”

Ta sunkuyar da kai tana kuka ba sauti, tana maimaita “yamin, yamin.” Sannan ta tuna alkawarinta. Ta share fuska da mayafi, ta miƙa hannu za ta ɗauki wayar ta goge. Kawu Ƙarami ya ɗora tafinsa a kan wayar, idonsa har yanzu a rufe.

Ya ce, “Bari ta ƙare tukuna.”

Allah ya jiƙan Kawu Babba, ya haskaka makwancinsa, ya yafe masa abin da yake tsoro. Mu kuma ya yafe mana yawan katse shi da muka yi.